Yadda baƙo zai ci abincin saye a Birnin Kebbi ba tare da ya yi da-na-sani ba

Duk wanda aiki ko karatu ko fatauci ya kawo shi Birnin Kebbi babu iyali, kafin kwana uku zai fara cigiyar inda ake sayar da tuwo. Ni ma haka ta faru da ni lokacin da aka yi mini canjin wurin aiki, na bar maiɗakina a garinmu har sai na samu gidan haya. Wata bakwai ina cin abincin saye safe da rana da dare, kuma a cikinsu na gane cewa abin da ya fi cutar da mu a wannan harka ba masu abinci ba ne, kunyarmu ce. Magidanci ba ya son a gan shi a rumfar mai tuwo, kada a ce gwauro ne ko kuma an yi faɗa a gida. Sai ya faɗa cikin sauri, ya karɓi abin da aka miƙo masa, bai duba ba, bai tambaya ba, ya ci ya fice. Wanda ya ci da gaggawa irin wannan shi ne ke cin ɗumamen jiya da kuɗin sabo. Don haka abu na farko, ka ajiye kunyar nan. Neman abin da za ka ci da guminka ba abin ɓoyo ba ne.

Ka fara sanin wuraren da ke akwai

Ba kowane wuri ne ke yin kowane abinci ba. Da asuba akwai masu ƙosai da koko da masu masa a bakin titi da ƙofofin gidaje, sai teburin mai shayi da burodi da ƙwai da Indomie. Da hantsi rumfunan kasuwa da na tashar mota ke sauke shinkafa da wake. Akwai gidajen abinci masu tebur da kujeru da fanka, waɗanda ma'aikata da ɗaliban Kwalejin Waziri Umaru da masu jinya a asibiti suka fi zuwa. Akwai na Yarbawa da Inyamurai masu sakwara da teba da amala da miyar agushi. Sai kuma wanda baƙo bai cika ganowa da wuri ba, alhali shi ya fi kama da girkin gida: matan aure da ke dafawa a cikin gida, yara su fito da shi zaure ko ƙofar gida bayan magariba. A tsofaffin unguwanni irin wannan tuwon ba ya da allo, ba ya da suna, sai dai a ce maka "gidan da ke bayan masallaci".

Kada ka tambayi babban mutum inda ake cin abinci mai kyau, don shi daga gida ake kawo masa. Tambayi ɗan kabu-kabu, ko direban mota, ko masinjan ofishinku, ko mai gadi. Su ne ke ci a waje kullum, kuma kuɗinsu a ƙirge yake, ba sa komawa inda aka cuce su. Tambayi mutum uku daban-daban. In biyu suka ambaci wuri ɗaya, can za ka fara.

Lokaci shi ne rabin aikin

Na daɗe kafin in fahimci wannan, kuma sai da na kwanta na fahimta. Wata ranar cikin watan Afrilu aiki ya riƙe ni har bayan la'asar, na shiga wata rumfa na ci dafa-duka wadda aka sauke tun hantsi. Ba ta yi wari ba, ba ta yi yauƙi ba, ta dai huce. Kafin isha'i amai ya kama ni, na kwana ina zarya. Daga baya wani ma'aikacin lafiya ya yi mini bayanin cewa shinkafa tana ɗauke da wasu ƙwayoyin cuta da dahuwa ba ta kashe su gaba ɗaya. In ta huce ta zauna, sai su farfaɗo su saki guba, kuma ɗumamawa ba ta cika kawar da gubar ba. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ke bayarwa ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye ba a kan wuta ba, ba a cikin firji ba, in kuwa za a riƙe shi da zafi to ya zauna sama da digiri 60 a ma'aunin Salshiyas. To ka auna wannan da zafin Birnin Kebbi, inda daga Maris zuwa Mayu rana ke haura digiri 40. A irin wannan yanayi tukunya ba ta jiran kowa.

Saboda haka ka tsara cikinka da agogon mai abinci. Masa da ƙosai a ci su daga kan tanda da kasko, tsakanin fitowar rana da ƙarfe tara. Shinkafa da wake da ɗanwake, daga sha ɗaya zuwa azahar. Tsakanin ƙarfe uku da biyar shi ne lokaci mafi hatsari, na rana ya tsufa, na dare bai sauka ba. In yunwa ta matsa maka a nan, fura da nono a wurin wadda ka yarda da tsaftarta, ko abin da za a soya a gabanka, sun fi maka ragowar kula. Tuwo kuwa na bayan magariba ne, kuma wanda ya zo da wuri shi ke samun miya da kaurinta, kafin a fara tsinka ta da ruwan zafi don ta kai dare.

Ranar Juma'a wurare da yawa na cika maƙil da an sauko daga masallaci, don haka ko ka ci kafin ka tafi ko ka yi haƙuri da layi.

Tsaya ka duba kafin ka zauna

Minti ɗaya a tsaye ya isa, ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Ka yi sallama, ka ɗan ja gefe kamar mai jiran wani, ka kalli abu huɗu ko biyar.

Kalli tukunya: tana kan murhu ko an juye a kula? In a kula take, da aka buɗe tururi ya tashi? Kalli inda ake wanke-wanke. Wannan shi ne madubin gidan abinci, ya fi fenti da labule faɗin gaskiya. Mai tsafta tana da roba biyu ko uku, ta sabulu da ta ɗauraya, kuma za ka ga ana zubar da ruwan ana sakewa. In roba ɗaya ce, ruwanta ya yi kauri mai yana yawo a kai, duk farantin da ya fito daga cikinta ya ɗauko na wanda ya ci kafin kai. Kalli hannun da ke zuba abinci, shin shi ne ke karɓar kuɗi? A wuraren da suka san aiki, uwar ɗaki na riƙe da mara da ludayi, wata yarinya daban na karɓar kuɗi. Kalli kwata da ƙuda. Ƙuda ɗaya biyu babu inda babu su, amma nama a buɗe kusa da lambatu, wannan ka wuce. Daga ƙarshe ka kalli masu ci. Wurin da mutane ke shiga suna fita, abincinsa ba ya samun damar kwana.

In abin da ka gani bai kwanta maka ba, ka ce "bari in je in dawo" ka yi gaba. Babu wanda zai riƙe ka.

Gaisuwa, tambaya, sannan oda

Mutanen Kabi suna da son gaisuwa, kuma mai abinci ba ta mantawa da wanda ya shigo ya ce "a ba ni tuwo" babu ko sallama. In dattijuwa ce ka ce, "Sannu da aiki, Inna, ya kasuwa?" In ba ta manyanta sosai ba, Hajiya ya wadatar. Yarinyar da ke kai faranti kuma ba "ke!" ake ce mata ba, ka tambayi sunanta ka riƙe.

Sai ka tambayi abin da ke akwai, da wanda aka sauke yanzu. Tambaya ta biyun ita ce mai amfani. Yawancinsu za su gaya maka gaskiya: "Malam, shinkafar ta safe ce, amma tuwo yanzu na kwashe." Wadda ta faɗa maka haka ta cancanci ka dawo.

Kafin a zuba, ka san kuɗin. Farashi na canzawa da kasuwa, kuma a rumfa ba a cika rubuta shi ba. Tuwo da malmala ake sayar da shi, shinkafa da cokali ko da faranti, nama da kifi kuma kuɗinsu daban, yanka-yanka. Hanya mafi sauƙi ita ce ka faɗi abin da ke hannunka: tuwo na kaza, nama na kaza. Kada ka ce "a sa nama" ka yi shiru, don za a sa maka uku, kuma ba za ka iya mayar da wanda ya riga ya shiga miyarka ba. Ba a taya abinci kamar yadda ake taya atamfa, amma neman gyara ba laifi ba ne, musamman ƙarin miya.

Wanda ya zo daga Kano ko Zariya zai ji wasu sunaye sun sauya. Wainar shinkafa a nan masa ce, yakuwa sure ce, fura kuma za ka ji ana cewa hura. Kada ka gyara wa kowa magana a garinsu, ka koya kawai.

Me za ka ci?

A nan zan daɗe, don ina ganin baƙi da yawa na zuwa Kebbi su yi wata da watanni suna cin taliya da soyayyar shinkafa irin wadda za su samu ko'ina, su koma ba su ɗanɗani abin da ƙasar ke taƙama da shi ba. Kebbi ƙasar shinkafa ce da kifi. Fadamun gulbin Rima da na Kwara, daga Augie da Argungu zuwa Bunza da Suru har Yawuri, suna ba da shinkafa damina da rani. Ba banza ba a Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa bashi na Babban Bankin Najeriya a watan Nuwamba na 2015, kuma akwai manyan injinan casa a Birnin Kebbi da Argungu. Amfanin wannan ga mai ci shi ne shinkafar da ke cikin farantinsa ba ta yi doguwar tafiya ba, ba ta shekara a sito ba.

Fara da tuwon shinkafa. Na kirki fari ne, mai laushi, yana da danƙo ba tare da ya manne a hannu ba, kuma ba ka jin tsaba-tsaba a cikinsa. In ka gutsura ka ga bayansa ya yi ɓawo cikinsa ya yi sanyi, na ɗazu ne. Ka gwada shi da miyar sure. Tsaminta ne daɗinta, amma sai an iya: mai hannu tana kashe kaifin tsamin da gyaɗa ko ɗan kanwa, ta bar shi daidai yadda zai buɗe maka baki ba ya kama haƙori ba. Miyar kuka kuma a daddawa ake gane ta, sai a ɗiga man shanu a kai. In tuwon dawa ka samu da miyar kuɓewa busasshiya, kada ka raina shi don baƙinsa. Ya fi riƙe ciki, kuma masu ciwon suga da yawa sun fi natsuwa da shi, ko da yake su ma sai sun kula da yawan malmala.

Da rana, shinkafa da wake da mai da yaji ita ce abincin mai aiki. Abu biyu za ka lura da su. In shinkafar gida ce wadda aka casa a ƙaramin inji, ka tauna a hankali a lomar farko, don tsakuwa na iya kuɓucewa mai rairaya. Sannan ka shinshina man. Man gyaɗa mai kyau yana da ƙamshinsa, wanda aka soya kifi da shi sau uku kuwa baƙi ne, yana maƙaƙi a maƙogwaro. Albasa ba a yi maka rowarta a jihar da ke da Aliero, don haka ka ce a yanka maka sabuwa a gabanka maimakon wadda ta yini a faranti.

Sai kifi. Garin da ya shahara da bikin kamun kifi tun 1934, wato Argungu, tafiyar kamar awa guda ce daga Birnin Kebbi, Yawuri kuma na bakin Kwara, don haka tarwaɗa da ƙarfasa da giwan ruwa ba baƙi ba ne a tukwanen nan. In farfesu za ka sha, tarwaɗa ta fi dacewa, kuma mafi kyau ita ce wadda ka gani da ranta a cikin roba kafin a yanka. In ɗanyen kifi aka nuna maka don gashi, duba idonsa ya zama garau, ka ɗaga murfin kunnensa ka ga ja, ka danna jikinsa da yatsa ka ga ya dawo. Soyayye kuwa, wanda ya yi duhu ya ƙandare an maimaita masa mai ne, na jiya ne aka sake jefawa a kasko. Kifin banda a cikin miya daɗi gare shi, amma in ka ji wani wari kamar na maganin ƙwari yana tashi daga kifin, ka tsame hannunka. Akwai 'yan kasuwar da ke fesa wa busasshen kifi magani don kada ƙwari su ci, kuma wannan ba abin wasa ba ne.

Nama da daddare a wurin masu tsire da balangu, ka zaɓi yankanka ka ce a mayar da shi kan wuta har ya yi zafi sosai. Mai nama na gari ba ya jin haushin wannan.

Hannu, ruwa da ɗanyen ganye

Kada ka tsoma hannu a kwanon da mutum biyar suka wanke nasu. Ka nemi buta a zuba maka, da sabulu in akwai. Ni har ƙaramin sabulu nake ajiyewa a aljihun jaka. Ruwan sha, in ba ka san randar ba, ka sayi na leda ko na gora, ka duba ledar ba ta huje ba, ka goge bakinta kafin ka kai baki. Da damina, lokacin da ambaliya ke gurɓata rijiyoyi kuma amai da gudawa ke yawo, ka ƙara tsanantawa: salak da kabeji da tumatir ɗanye ka bar su sai a wurin da ka ga yadda ake wanke su, zoɓo da kunun zaƙi na ƙulli kuma ka tuna da ruwa da ƙanƙara aka haɗa su. Kwaɗon zogale da aka dafa ganyen ya fi salak aminci.

Yaji kuma ka ɗanɗana kafin ka barbaɗa, wani da ƙuli-ƙuli aka sassauta shi, wani barkono ne zalla.

Zama cikin mutane

A benci ɗaya za ka zauna da leburan kasuwa da malamin makaranta da direban tirela. In an kawo naka ka ce wa na kusa da kai bismillah, shi kuma zai ce a ci lafiya. Ka ci da dama, ka ci gabanka in tarayya kuka yi. Kada ka kushe abinci da ƙarfi a gaban masu saye. In gishiri ya yi yawa ko ka tsinci wani abu, ka kira Inna gefe ka faɗa mata a hankali. Sau da yawa za ta canza maka, kuma za ta riƙe maka wannan mutuncin. In ka gama ka tashi, don akwai mai jiran benci. Almajiri na tsaye a ƙofa da robarsa. In za ka bar masa, ka raba tun kafin ka sa hannu, ya fi ka miƙa masa abin da ka jagwalgwala.

Mace da ke son ci a waje ta fi sakewa a gidajen abinci masu tebur, wasu ma suna da ɓangaren iyali. A rumfunan tasha yawanci saye ake yi a tafi da shi.

Biya, da zama ɗan gida

Ka riƙe ƙananan kuɗi, canji na wahala. Da yawa yanzu suna karɓar tiransifa, amma ka tambaya kafin ka ci, kuma kada ka tafi sai ta ga alat ko ka nuna mata shaidar ya fita. In sabis ya ƙi, ka nemi mai POS na kusa ka ciro ka kawo mata. Uwar kuɗinta ke nan, da shi za ta yi cefanen gobe.

Bayan ka zagaya wuri uku ko huɗu cikin mako biyu, ka tsayar da ɗaya na rana, ɗaya na dare. Daga nan komai ke sauƙi. Wadda na zauna da ita, wata dattijuwa ce mai tuwo a zaure, cikin wata guda ta san ba na son manja da yawa, ta san ranar da nake dawowa a makare. Ta kan ce, "Ɗana, kawo kularka da la'asar in ajiye maka na farkon kwasa." Ka sayi kula mai kyau don wannan. Ya fi a ƙulla maka tuwo da miya mai zafi a baƙar leda, kuma in ka kai ɗaki ka ci a lokacin, kada ka ajiye sai safe. Wasu na yarda a biya na mako ko na wata gaba ɗaya. In kun yi haka ku rubuta a littafi, kowa ya san ranar da aka fara. In kuma ta ba ka bashi ranar da albashi ya yi jinkiri, to ranar da ya shigo ita ce farkon wadda za ka sallama. Da azumi yawancin masu abincin rana na rufewa su koma na buɗa-baki da sahur, sai ka yi magana da ita tun Sha'aban ka ji tsarinta.

In hanya ta kama ka

Wanda zai bi ta Kalgo da Jega ya gangara Koko zuwa Yawuri, ya bi direba ya ci inda direba ke ci, amma ya zaɓi abin da ke kan wuta, don mota ba za ta tsaya masa kowane minti goma ba. A Yawuri ka sayi kifinka na tsaraba, in kuwa hanyar Argungu ka bi, ka nemi farfesu a can.

In duk da haka ciki ya ɓaci, ka fara da ruwan gishiri da suga: lita 1 ta tsaftataccen ruwa, ƙaramin cokali 6 na suga a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri, ko ka sayi na ƙulli a kemis ka haɗa yadda aka rubuta a jiki. Ka riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan ko da kana amai. In gudawar ta zama kamar ruwan shinkafa, ko ka ga jini, ko zazzaɓi ya haɗu da ita, ko fitsari ya ɗauke, kada ka tsaya sayen ƙwayoyi a bakin titi, a kai ka asibiti a daren.